Na Rage Taka Totur, Ashe a Gareji Ake Shanye Mini Mai

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, duk mai mota a Kano ya koma lissafin da bai saba yi ba. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin shekarar 2024 ta ƙare ta zarce naira 1,000. Wannan ya fi ƙarfina, na kuma haƙura da shi kamar kowa. Abin da ba zan haƙura da shi ba, wanda har yanzu yake tafasa mini zuciya, shi ne abin da aka yi wa motata a garejin da na shekara huɗu ina kai ta, ina biyan kuɗin aiki ba tare da neman ragi ba.

Kullum daga Rijiyar Zaki nake tasowa zuwa wurin aikina a Bompai, kuma babu dabarar tsimin mai da ban bi ba. Na daina tayar da mota da asuba in bar ta tana ruri minti goma sha biyar da sunan ɗumama inji, domin motocin yanzu ba sa bukatar haka, a tafiya suke yin ɗumi. Na koma fita da wuri don in tsallake cunkoson Kabuga. Na koya wa ƙafata sauƙi, idan na hango danja ta nuna ja sai in ɗage totur tun daga nesa maimakon in fizgi mota sannan in danne birki. Idan na je ɗauko yara makaranta nakan kashe inji, tun da na gane cewa ƙaramar mota tana iya ƙone rabin lita ko fiye a awa guda tana tsaye cik. Hatta tarkacen da ke but na kwashe. Duk da wannan wahala, man da ya kamata ya kai ni Juma'a sai ya ƙare ranar Laraba.

Alamun suna nan a gabana, ni ne na yarda da bakin mutum fiye da idona. Da zarar na murɗa makulli fanka take tashi, ko da sanyin hunturu ne, allurar zafin inji kuwa ba ta taɓa hawa tsakiya. Bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, idan ka shafa da yatsa sai ka ga kamar gindin tukunya, kuma maiɗakina ta sha yi mini maganar wari mai yaji idan na yi baya da mota a cikin gida. Sai da wani abokin aiki ya matsa mini na kai ta wurin wani matashi mai gwada mota da kwamfuta. Bai yi rabin awa ba ya kira ni ya nuna mini da idona: an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an tsinke wayar sansar da ke jikin salansa, an fasa tukunyar salansar an kwashe saƙar tace hayaƙin da makanikai ke kira indomi an sake yi mata walda, sannan fitilar gargaɗin da ya kamata ta tona asiri an liƙe ta da baƙin salatif ta ciki.

Na koma garejin raina a ɓace. Amsar da bakaniken ya ba ni ita ce ta fi ƙona mini rai: "Alhaji, ai tamostat na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu, taimakonka na yi." Wannan magana ta zama karatun da kowane yaron gareji yake haddacewa kafin ya iya riƙe sifana, kuma ba gaskiya ba ce. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, kuma tamostat shi ne ƙofar da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har sai injin ya kai wannan zafi. Idan aka cire shi, aka kuma bar fanka tana hurawa ba tsayawa, injin yakan daɗe cikin sanyi, kwamfutar motar kuwa muddin ta ga sanyi ƙara feshin mai take yi. Haka ma idan sansar da ke auna iskar salansa ta mutu, kwamfutar ta makance ke nan, sai ta riƙa zuba mai da ka. Idan mota tana tafasa, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfi ya saki. Neman dalilin shi ne aiki, shi kuma aikin ne ba a son yi.

Maganar indomi kuwa ba jahilci ba ne, sata ce tsagwaronta. A cikin wannan saƙar mai kama da gidan zuma akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa take da masu saye. Aikinta shi ne ta sauya gubar hayaƙi, musamman kabon monokzayid da ɗanyen man da bai ƙone ba, kafin ya fito waje. Wanda ya kwashe ta ba ni kaɗai ya cuta ba. Ku tsaya a mahadar Bata ko 'Yan Kura da la'asar a watan Janairu, lokacin da ƙurar hunturu ta danne hayaƙi ya kasa tashi sama, ku dubi wanda hancinsa yake daidai da bakin salansa: yarinya mai tallar ruwan leda ce, da almajiri, da jaririn da ke kan cinyar uwarsa a cikin Adaidaita Sahu wadda ba ta da gilashin rufewa. Kowace litar fetur da aka ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon dayokzayid, wannan babu makawa sai dai a rage ƙonawa, amma gubar da ke shiga ƙirjin yaran nan da gangan aka sake ta saboda 'yan dubban da wani ya soke a aljihu.

Da na fara bin diddigi sai na ga ɓarnar ba a nan ta tsaya ba. Littafin motata ya ce a zuba mata baƙin mai mai lamba 5W-30, amma shekaru ana ɗura mata 20W-50 mai kauri, wai shi ne ke jure zafin Kano, alhali kaurinsa ƙara wa inji nauyi yake yi. Mai faci kuma yakan buga taya da ƙarfe ya ce ta yi, ko ya auna da gejin da shi kansa bai yarda da shi ba, bayan adadin iskar da ake bukata yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin makanikai na wannan gari, waɗanda na san akwai dattawa masu tsoron Allah a cikinsu, su tsawatar. A wajabta wa kowane gareji ya rubuta wa mai mota abin da aka taɓa, a miƙa masa duk ƙarfen da aka cire a hannunsa, wanda aka kama ya fasa salansar mutane kuma a kore shi daga sana'ar a gaban kowa. Ana tare mu a titi a tambayi takardu da abin kashe gobara, amma ban taɓa ganin an leƙa gareji an tambayi inda indomin motocin jama'a yake tafiya ba.

Na je kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa na sayo tamostat da sansa, aka mayar da fanka yadda take, aka juye baƙin mai, kuma yanzu man Litinin yana kai ni Juma'a. Indomin ne na tambayi kuɗinsa na juyo, domin albashina ba zai ɗauka ba a bana. Wanda ya cire ya rantse bai san zancen ba, ba ni da takardar da zan kama shi da ita, kuma gobe da safe da wannan hayaƙin zan tsaya a ƙofar makarantar 'ya'yana.