Abincin kifin fa, daga ina?

Wani labari da na karanta ya ce bincike ya nuna kiwon kifi zai rage wa tabkuna nauyi. Na yarda, amma an tsallake abincin kifi, wanda shi ke cinye mafi yawan jarin mai kiwon tarwada, ga shi akasari daga Najeriya ake shigo mana da shi Maradi. Malam da ka ce masunta ne suka ƙarar da kifin tabkin Madarunfa da ke jihar Maradi, ka yi musu adalci. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan karfasa, gaskiya ne, amma yashi ma yana cike tabkin, ruwan yana ja baya da rani. Me ya hana masanan Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maradi da INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, su haɗa mana abinci daga dusa da ƙuli-ƙulin gyaɗarmu?