Fitilar da Ke Kamawa In An Kashe Ta

Fitilun gaban tsohuwar motata ta shiga daji ba su da laifi a kan kwalta. Amma da zarar ka sauka ka kama burji da dare, sai ka faɗa rami sannan su nuna maka shi. Shi ya sa na sayo doguwar fitilar nan ta LED da ake ɗaurawa a saman mota, mai wat 120. A cikin kwalin akwai ƙarafunan ɗaurawa da notuna da wata 'yar takarda mai zane, wadda na ajiye gefe, don a ganina waya biyu ce kawai, ja da baƙa, ba sai an yi wa mutum karatu a kansu ba.

Ƙanin matata ne ya fara kawo cikas. Ya tarar da ni riƙe da siririyar wayar lasifika da wani ɗan makunni da na ciro daga tsohuwar rediyo. Ya ce, "Yaya, wat 120 in ka raba da bolt 12, amfiya 10 ke nan. Wannan wayar da wannan makunnin ba za su ɗauka ba, narkewa za su yi." Na ce boko daban, aikin hannu daban. Na jona a batir don in rufe masa baki. Fitila ta kama, ba a jima ba wayar ta yi laushi a hannuna, ƙaurin roba ya tashi. Na cire da sauri na ce masa dama ingancin wayar nake gwadawa, kuma ta faɗi.

Shi ya kawo maganar rile, wani ɗan baƙin akwati da za ka rufe a tafin hannu. Aikinsa shi ne ya raba ƙaramar wuta da babba. Makunnin cikin mota yana aika 'yar wuta da ba ta kai rubu'in amfiya ba zuwa wani naɗin waya a cikinsa, naɗin ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan ƙarfe, ka ji ƙas, sai babbar wuta ta wuce daga batir zuwa fitila ta kakkaurar waya ba tare da ta leƙa dashbod ba. Ya ce a sa fis kusa da kan batir, ba can kusa da fitila ba, domin fis wayar yake karewa: in ta goge ta taɓa bodi, fis ya tsinke kafin mota ta kama da wuta. Muka sa shuɗi, mai amfiya 15. Yana gama wannan lacca aka kira shi a waya ya tafi, ya bar ni da rile mai ƙafa biyar.

Kowace ƙafa da lambarta, an rubuta baƙi a kan baƙi, sai ka karkata shi a rana kana ƙanƙance ido. Na tuna abin da ya faɗa: 30 daga batir, 85 zuwa bodi, 86 daga makunni, sannan fitila a kan 87. To amma 87 ɗin biyu na gani. Ɗaya a gefe, ɗaya kuma a tsakiya, an rubuta mata 87a. Na yi nazari irin na mai hankali. Duk inda aka jeru, babba ake sa wa a tsakiya. Ga shi kuma an ƙara mata harafi, alamar ta fi 'yar uwarta muƙami. Na cusa wayar fitila a nan, hankalina kwance.

Sauran aikin wahalar jiki ce kawai. Kafin in zura wayar makunni ta robar nan da ke bangon da ya raba inji da mazauni, sai da na kwanta kai a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a kan kujera, fedar burki na dungurin kunnena. Wutar makunnin na ɗauko ta daga ramin cajin waya, wanda ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, wai don kada yara su kunna fitila su cinye batir. A riƙe wannan dabarar, za a dawo kanta. Wayar bodi kuwa sai da na kankare fenti har ƙarfe ya fito fes kafin in ɗaure noti, don fenti ba ya wuce da wuta.

Maƙwabcina ya zo kallo, ya tsaya daidai gaban mota, hannu a baya, yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Ina mayar da kan batir, fitila ta tashi gaba ɗaya a fuskarsa. Bawan Allah ya yi baya yana salati, yana laluben iska. Na faɗa mota, na murɗa makulli, na danna makunni wajen kunnawa. Ƙas. Ta mutu. Na mayar wajen kashewa, ta kama. Nan take na gano matsalar: a kamfani aka juya makunnin. Na ciro shi, na kifa shi, na mayar, har da ɗigon gam don ya zauna da kyau. Na bar makulli a murɗe ina jin rediyo ina tattara sifanu, fitila a kashe lafiya lau. Da na zare makulli na ji wani ƙas, na ce madalla, rile na da lafiya. Rana tsaka ce, kuma ta bayan mota na bi na shige gida.

Dare ya yi, na fara gyangyaɗi, uwargida ta taɓa ni. "Baban yara, ana sallama, kuma waje kamar gari ya waye."

Maƙwabcin ne, ido jawur. Ya ce, "Malam, don girman Allah a kashe mana ranar nan, yara na son barci." Motar tana fuskantar tagar ɗakinsa, duk wani ƙwaro mai fiffike da ke unguwar ya hallara a saman rufinta. Na shiga da ƙarfin gwiwa, na murɗa makulli, fitila ta mutu. Na ce, "Ka gani? A kashe take." Na zare makulli na fito, ta kama. Na koma, ta mutu. Na fito, ta kama. Ya ce to in kwana a ciki mana.

Na ce bari in tayar da motar in juya ta ta kalli bango. Kik ya yi kat-kat-kat ya yi shiru. Batir mai amfiya-awa 70, ana zuƙar masa amfiya 10 tun azahar, ko a lissafin takarda awa 7 ne, kuma tun kafin nan ya daina iya juya inji. Abin haushin, irin waɗannan fitilun suna aiki ko wuta ta sauka zuwa wajen bolt 10, don haka batir na shure-shuren mutuwa, ita tana haske kamar ba ita ta kashe shi ba. Na buɗe bonet na fizge fis. Duhu ya rufe mu lokaci guda, fis ɗin ya suɓuce, na ji ƙararsa yana gangarawa har ya zauna a kan farantin ƙarfen da ke kare ƙasan inji. Yana nan har yau, ina jin sa in na hau gargada.

Da safe mai rewaya ya zo da batirinsa da yaronsa, ƙanin matata ma ya dawo ganin aiki. Mai rewaya ya ɗaga rile ya juya shi, ya yi shiru, ya ce wa yaron, "Zo ka gani, don ba kullum ake samun wannan ba." Ya nuna masa cewa 87a a haɗe take da 30 muddin rile na hutawa, sai an ba shi wuta yake sakinta ya koma 87. Wato duk lokacin da aka kashe makunni, ko aka zare makulli, an ce wa fitila ta kama ke nan. Ya sa fulaya ya ciro wayar daga tsakiya ya mayar gefe. Aikin bai kai tsawon gaisuwarmu ba.

Ya ce, "Oga, wa ya yi maka wannan haɗin?"

Na ce wani yaro ne. Ƙanin matata ya kama tari.

Ya ce, "Yaron ya iya sa fis, wayar bodinsa ma ta yi kyau. Amma kada ka ƙara ba shi mota."

Na ce ai na riga na kore shi. Makunnin kuma da na kifa na liƙe da gam ya ƙi fitowa, don haka yanzu rile ya daidaita, makunni ne a juye, kuma wannan karon da gaske.

Daren da muka shiga daji da abokai, na jira sai da hanya ta yi duhu sosai sannan na danna. Abu na farko da fitilar ta haska shi ne farin bonet ɗina, hasken ya dawo mini a ido ta gilashi. Na biyu kuma ƙurar motar da ke gabana, wadda ta zama farin bango, ko fitilun bayanta ba na gani. Na gaban ya kira ni a waya yana tambaya ko laifi ya yi mini, don madubinsa ya zama walda. Ga wani fito da iska ke yi a tsakanin haƙarƙarin bayan fitilar da zarar an ɗan taka mai. Da fitilun kamfani na ƙarasa tafiyar.

Mai rewaya ya ce maganin hasken bonet shi ne a ja fitilar baya kaɗan, yadda bakin rufin zai tare hasken da ke sauka ƙasa, kuma sai an huda sababbin ramuka. Ya ce in kawo masa. Na ce ba sai na wahalar da shi ba, rami huɗu ne kawai, na ma ari na'urar huda ƙarfe. Da maƙwabcina ya gan ni da ita a hannu, bai ce komai ba, ya shiga gida ya fito da guduma da ƙusoshi ya fara kafa bargo a tagarsa.