Fim ɗin da nasara ta ɓata wa ƙarshe

A daren 27 ga Oktoba, 2004, a birnin St. Louis na Amurka, ƙungiyar ƙwallon besbol ta Boston Red Sox ta ɗauki kofin World Series, wanda rabonta da shi tun 1918. Shekara 86 ke nan. Akwai waɗanda aka haifa a Boston, suka girma, suka ga jikoki, suka bar duniya ba su ga wannan rana ba. 'Yan wasa suka kwasa a guje zuwa tsakiyar fili, kyamarar talabijin na biye da su, sai ga wasu mutum biyu da ba 'yan wasa ba sun rungume juna a cikin cincirindon. 'Yan wasan kwaikwayo ne, Jimmy Fallon da Drew Barrymore, kuma fim suke ɗauka. Tun daga wannan dare wasu magoya baya suka ƙullaci fim ɗin, alhali ko haɗa shi ba a gama ba.

Sunan fim ɗin Fever Pitch, na barkwanci da soyayya. 'Yan'uwan nan biyu, Peter da Bobby Farrelly, su suka ba da umarni, ya fito a Afrilun 2005. Labarin wani malamin lissafi ne mai suna Ben (Fallon ne ya fito a matsayinsa), wanda kawunsa ya bar masa gādon tikitin shiga Fenway, filin Red Sox, na kowace kaka. A besbol kowace ƙungiya tana buga wasa 162 kafin a shiga zagayen neman kofi, rabinsu a gida, to ka ƙiyasta yawan yammacin da mutum zai ba fili. Da sanyi, lokacin da ba a wasa, Ben ya haɗu da Lindsey, mace mai aikin ofis da kai a sama, ta ga ta tsinci dami a kala. Bazara na shigowa ta gane ashe akwai uwargida, ita amarya ce. Zanin gadonsa tambarin Red Sox, tawul ɗinsa haka, takardar banɗakinsa kuwa tambarin abokan gaba ne, wato New York Yankees.

Masu kallo sun rabu, kuma rabuwar ta fi fim ɗin ban sha'awa. Waɗanda besbol bai dame su ba sun ɗauke shi a matsayin abin da yake, fim mai sauƙi da za a kalla a yi dariya a tashi. Wurin da suka fi tunawa shi ne inda Lindsey ta tafi fili da kwamfutarta tana aiki, ƙwallo ta taso ta buge ta a kai ta faɗi, shi kuwa gogan naka yana can yana tafawa da wanda ya cafe ƙwallon. 'Yan gani-kashe-nin Boston kuwa ƙorafinsu biyu ne. Na farko, an san Fallon ɗan New York ne mai son Yankees, yaya za a ba shi rigarmu? Na biyu shi ne abin da ya faru a St. Louis.

Ƙorafin farko ba ni tare da su. Aikin ɗan wasan kwaikwayo ke nan, ya zama wanda ba shi ba. Wanda ya fito a ɓarawo ba sai ya taɓa sata ba. A na biyun kuwa ina ganin suna da gaskiya, ko da yake da izinin masu shirya gasar aka shiga filin. Mutum ya gāji jira daga kakansa, ya biya da hawaye, ranar da abin ya zo sai ya ga baƙi a gaban hoto suna kwaikwayon murnarsa don a sayar. Kamar ranar sunan ɗan da aka daɗe ana nema ne, mai hoto ya ture uban jariri gefe don ya ɗauki wasu da suka fi shi kyan riga. Ba hassada ba ce a ji zafin wannan.

Sai dai inda nake ganin ɓangarorin biyu duk sun wuce ba su tsaya ba shi ne ƙarshen labarin. Yadda aka rubuta shi da fari, Red Sox za su sake faɗuwa ne kamar yadda suka saba. Ai kowa ya san zancen la'anar da ake cewa ta bi su tun da suka sayar wa Yankees da shahararren ɗan wasansu Babe Ruth, wanda ya fara buga wa Yankees ɗin a 1920. Ana tsakiyar ɗaukar fim sai ƙungiyar ta yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar: Yankees sun ci su wasa uku a jere a karon da ake neman cin huɗu, suka farfaɗo suka ci huɗu a jere, sannan suka share St. Louis Cardinals huɗu da nema. Dole aka sauya ƙarshe. Kowa ya ce masu fim sun taki sa'a. Ni kuwa ina ganin sa'ar ce ta cuce su.

Dalilina shi ne, tambayar da fim ɗin ya ɗauko tun farko tana da nauyi: me ya sa mutum mai hankali zai ba da zuciyarsa ga abin da bai san ma yana duniya ba? Har wani ɗalibin Ben ya tambaye shi ko ƙungiyar ta taɓa rama masa son da yake mata. Akwai kuma wurin da Ben da abokansa suka fito daga fili kamar an yi musu mutuwa, suka hango 'yan wasan da aka lallasa suna cin abinci hankali kwance. Da ƙungiyar ta faɗi a ƙarshe, da dole Ben ya amsa tambayar da bakinsa, ita ma Lindsey ta zaɓi zama da mutumin da haukansa ba ta biya ba. Da kofi ya zo, sai tambayar ta bi ruwa. Kowa ya samu nasa, ba wanda ya rasa komai, har tikitin da Ben ya yi niyyar sayarwa Lindsey ta ratsa fili a guje ta hana shi. Wanda ya yi nasara ba a tambayarsa dalili.

Mu a nan ba mu san besbol ba, amma asalin labarin namu ne fiye da yadda ake zato. An ciro shi daga littafin da Baturen Ingila Nick Hornby ya fitar a 1992 kan jarabarsa da Arsenal, har an yi fim ɗinsa a 1997 da Colin Firth. Can ma jiran kofin lig ne, daga 1971 zuwa daren 26 ga Mayu, 1989, da Michael Thomas ya jefa ƙwallo ta biyu a Anfield a mintin ƙarshe. Abin dariyar shi ne, a 2004 ɗin da Boston ta sauke nata kayan, a shekarar Arsenal ta ɗauki Firimiya ba tare da an doke ta ba, da Kanu a cikin tawaga, daga nan kuma ta shiga jiran da ya haura shekara ashirin. Duk wanda ya zauna a bencin gidan kallo a Kano ko Zinder a waɗannan shekaru ya san Ben da idonsa: shi ne mai biyan kuɗin shiga ya sayi ɓacin rai, ya koma gida ya ƙi cin tuwo, mako na zagayowa ya riga kowa kama wuri gaban allo.

Da uwargidana na kalli fim ɗin. Ban ji ta yi dariya ba sai a wurin da Lindsey ta gayyaci Ben zuwa Paris, shi kuwa ya fara inda-inda saboda akwai wasa. Nan ta dube ni ta gefen ido.

"Baban yara, ranar bikin ƙanwata fa? Wace ƙungiya ce ma kuka buga da ita?"

Na ce mata ai wannan daban, wasan kusa da na ƙarshe ne.

"To, kun ci?"

Ba mu ci ba.