Ɗa naka ne, amma awo "harkar mata ce"?

Ranar Talata na kai ƙanwata awo a wani asibiti a nan Garwa ta Kamaru, kuma abin da na gani ya hana ni barci. Wata yarinya ce zaune a kan benci, ga ciki ya fito, ga goyo a bayanta da ko zama bai gama iyawa ba. Tafin hannunta fari fat, ƙafafu sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Ungozoma ta ce jininta ya yi ƙasa, a kira maigida. Aka buga masa waya a gabana, muryarsa na fita: "Wannan ai harkar mata ce, ku ƙarata can."

Harkar mata! 'Yan uwana magidanta, da ku ƙannena angwaye, wannan kalma ta isa haka. Ranar suna kai ne da babbar riga, kai ne da rago, ana "Allah ya raya" kana washe baki. Awo kuwa harkar mata. Neman jini harkar mata. Amma bari matar ta ce tana son hutu kafin wani cikin, nan take ka tuna kai ne mai gida, ka ce ba da yawunka ba. To wanne ne? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tun 2015 aka kawo takardar nan ta Chèque santé, ta sauƙaƙa wa masu ciki kuɗin asibiti, a yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru. Da jaka shida, sefa 6,000, mace za ta samu awo, haihuwa, har tiyata in ta kama. Akwai wanda zai rantse ba shi da jaka shida, alhali ya zubar da fiye da haka a cacar ƙwallo cikin mako guda.  Sai naƙuda ta zo da jijjiga da tsakar dare a fara buga ƙofar maƙwabta neman rance. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya ɓuya a bayan addini. A Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, kuma a ayar nan ya ɗora ci da tufatar uwa a wuyan uba. Sahabi Jabir ya ce suna yin azlu, wato zubar da maniyyi a waje don kada ciki ya shiga, alhali Alƙur'ani yana sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 24 ta ce a jira bayan haihuwa kafin sabon ciki, don jini ya dawo, mahaifa ta huta. A Damagaram ta Nijar har makarantar mazaje aka kafa, magidanta suna zama suna koya wa juna waɗannan abubuwa, kuma rawanin kowa bai faɗi ba. Mu ma mu riƙa raka matanmu awo, mu ji da kunnenmu, mu zauna da iyali a yi shawara.

Abin da ya fi ci mini rai, iyayenmu da ba su san allurar tazarar haihuwa ba sun fi mu sanin wannan. A da, kwanika abin kunya ne ga namiji. Mace ta haihu, ta tafi wankan gida, a yi mata kunun kanwa, a gasa mata nama, mijin na aiko da itace da hatsi har ta yi arba'in. In aka ga ciki kafin yaye, dattawan unguwa ne za su kira shi zaure su wanke shi tas. Yau ina dattawan? Wa ke jin maganarsu?

Yarinyar nan, uwarta ce ta zo daga baya a kan babur, tsohuwa, tana kwance bakin zane tana ƙirga 'yan silalla a gaban mai karɓar kuɗi. Har muka bar asibitin da la'asar mijin bai leƙo ba.