Gobe za a yi ruwa ko ba za a yi ba?

Duk wanda ya kalli rahoton yanayin nan na bayan labaran ƙarfe tara a daren jiya ya ga abin da na gani. Ba sai na kama sunan tasha ba, kun san ta. Tun safe nake ganin yabo a shafukan sada zumunta, wai sabuwar taswira ta yi kyau, wai yanzu mun kamo Turai. Ni dai da ɓacin rai na kwana.

Muna zaune da Baba a falo a gidanmu na Jos, ya ƙi shiga ɗaki don yana jiran rahoton. Ya shirya yau za a yi feshi a gonarsa ta dankali da ke hanyar Mangu. Wanda ya san noman dankalin turawa a Filato ya san cutar nan da ke ƙone ganye idan sanyi da laima suka haɗu a Yuli da Agusta, cikin 'yan kwanaki gona ta koma kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Feshi ne rigakafinta, kuma idan ka fesa aka tsuge da ruwa kafin magani ya bushe a jikin ganye, kuɗin magani da ladan masu feshi duk sun bi kwata. Don haka tambaya ɗaya ce ta hana dattijon nan barci: gobe za a yi ruwa ko ba za a yi ba?

Sai ga Najeriya ta taso a allo da tudu da kwari, irin zanen da suke kira tiri-di. Kyamara ta faro daga kan teku, ta yi shawagi a kan Legas, ta karkata Fatakwal, gajimare na ta gudu a ƙarƙashinta kamar audugar da iska ta kwasa. Kafin ta iso wajenmu ƙasar ta juya sau biyu, har na rasa ina gabas take. Na dai hango wani tudu ya wuce, da ɗan farin rubutu a kan farin gajimare, kafin in karanta an kai Maiduguri, sai talla. Baba ya juyo ya ce, "Kai, me ta ce a kan Jos?" Na ce, "Baba, wallahi ban gane ba." Ya ɗauki butarsa ya fita, bai ƙara cewa komai ba.

Ni da na yi boko ban gane ba. To wa aka yi wa wannan rahoton?

Aikin rahoton yanayi ɗaya ne tak: ya gaya wa mutum ko gobe za a yi ruwa a garinsu, da safe ne ko da la'asar, mai ƙarfi ne ko yayyafi. Mai shanyar masara abin da yake son ji ke nan. Haka birkilan da zai zuba kankare, da direban da zai ɗauko tumatir zuwa kasuwar Farin Gada, da uwar da za ta tura yara Islamiyya da yamma. Taswirar da ta kasa amsa wannan tambayar ta faɗi, ko da zinare aka zana ta.

Na san masu cewa ci gaba ne, duniya ta wuce zamanin taswirar allo. To ku saurara, waɗanda kuke kwaikwayo sun riga ku shan wannan ruwan. A watan Mayun 2005 BBC ta jefar da tsofaffin alamominta na rana da gajimare da ɗigon ruwa, waɗanda mutanen Birtaniya suka saba da su tun 1975, ta kawo irin wannan taswira mai shawagi da manhajar wani kamfani na New Zealand. Ƙorafi ya zubo dubbai. Saboda an kishingiɗar da taswirar kamar ana kallon ƙasar daga kudu, kudancin Ingila ya cika allo, Scotland da ke arewa ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya can ƙurya. Har ɗan majalisarsu Angus MacNeil ya tayar da maganar. Masu aikin teku suka koka an ɗauke musu bayanin iska. Cikin makonni biyu aka tilasta wa BBC ta ɗaga taswirar, kuma a Fabrairun 2018 ta koma shimfiɗaɗɗiya gaba ɗaya. Shekara kusan 13 suka yi suna jan abin kafin su sauke shi. Mu kuma yanzu muka tsince shi a inda suka yar, muna murna.

Kuma cutar ɗaya ce. Abin da ke kusa da ido shi ke girma, na nesa ya ƙanƙance, ko yaron firamare ya san wannan. Idan ka kafa kyamara a kan teku ka kalli Najeriya, Legas ce a gabanka, Sakkwato da Katsina da Borno sun koma siririn layi a saman allo. Yankin da ya fi faɗi, wanda kuma damina ɗaya tal yake da ita a shekara, shi aka matse. Ban ce da gangan aka yi ba. Amma da an zaunar da manomi ɗaya a gaban allon nan kafin a fitar da shi, da ya faɗa musu.

Sai masu cewa ai kowa na da waya, a duba a can. Wace waya? Ta Baba ƙarama ce mai tocila, kira da amsawa. Kuma in kowa zai duba a waya, me ya sa kuka kashe kuɗi kuka ƙawata na talabijin? Wanda ya zauna jiran rahoton ƙarfe tara shi ne wanda ba shi da wata hanya. Yawancinsu a ƙaramar talabijin suke kallo, wasu a teburin mai shayi, a tsaye, janareta na ƙara. A nan kuke son mutum ya karanta farin rubutu mai gudu?

Akwai ma abin da ya fi wannan damuna. Zanen nan yana nuna tabbacin da babu shi. Ruwan daminarmu na hadari ne, ya taso daga gabas da iska, ya zuba a nan ya tsallake can. Sau nawa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Bukuru, ka iso Terminus a tsakiyar Jos ka tarar da ƙura? Kwamfutar da ke lissafin yanayi tana yanka ƙasa ne gida-gida, kowane gida kilomitoci da yawa, ba ta san layinku ba. Amma idan aka zana maka ɗigon ruwa yana sauka daidai kan wani dutse, sai zuciyarka ta ɗauka an gama magana. Mai gaskiya cewa zai yi, "Jos da kewaye, akwai yiwuwar hadari da la'asar, mai yawa ce yiwuwar." A rubuta da manyan baƙi, a bar shi ya tsaya a allo har tsoho ya karanta. Shi ke nan fa abin da muke roƙo.

Ba kuma bayanin ne babu ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, da ke Abuja tana fitar da hasashen kwana uku, jiha-jiha, na safe daban na yamma daban. Farkon kowace shekara tana fitar da na damina, yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari a tsakiya. Kayan miya sun cika, a wajen girki aka ɓata. Sun iya zana tudun Filato ya taso cak, amma ba su tsaya sun faɗi abin da tudun ke nufi ba: Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, shi ya sa muke rawar ɗari a Disamba da Janairu alhali mutumin garin Lafiya yana fifita, shi ya sa ƙanƙara ke iya kwantar da gonar kabeji a yini ɗaya. An nuna mana dutsenmu, an hana mu labarin gobe.

Don kada a ce na tsani fasaha, akwai inda na ga irin wannan zane ya yi aikin Allah. A Satumbar 2018, da guguwar Florence ta tunkari gaɓar Amurka, tashar The Weather Channel ta tsayar da mai gabatarwa a tsakiyar titin unguwa na zane, ruwa yana tasowa kewaye da ita, ƙafa 3, ƙafa 6, har ƙafa 9, motoci na yawo a kai. Ko ba ka jin Turanci ka san an ce ka tashi ka gudu. Da na gani unguwar Rikkos ta nan Jos ce ta faɗo mini. Yulin 2012, daren da ruwa ya cika dam ɗin Lamingo ya kwararo cikin unguwanni, mutum sama da 30 suka rasu, wasu a cikin barci, gidaje suka rushe. Mun yi jana'iza, mun ga iyaye suna bin rafi suna neman 'ya'yansu. Allah Ya jiƙansu. In da gaske kuna da wannan na'ura, ku zana mana lungun Gangare ko Rikkos, ku nuna inda ruwa zai kai a jikin ƙofa idan aka kwana ana yi, ku faɗa da Hausa da sauran harsunan Filato. Ranar da kuka yi haka ni zan fara yaba muku. Kafin nan, ku tsayar da taswirar nan wuri ɗaya ku gaya mana ko gobe za a yi ruwa.

Da asuba bayan an sauko masallaci Baba ya tsaya a ƙofar gida ya daɗe yana kallon gabas, sannan ya kira masu feshi ya ce a bari sai jibi. Muna shan koko yake ba ni labarin ƙauyensu a ƙasar Bauchi, wai suna yara ba mai taɓa iri sai an ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar fada. Da ta fara jan kara tana gyara sheƙa, kowa ya fito da fartanya ya kai wa maƙeri. Ya ce zuwansa na ƙarshe ko kututturen tsamiyar bai tarar ba, masu gawayi sun gama da ita. Ni ma da na tuna, rabona da ganin shamuwa da idona an daɗe. Ku da ke ƙauyuka, don Allah akwai wanda ya gan ta bana? Ku faɗa mini garin, ina so in gaya wa Baba.