A fara da azuzuwan ƙananan yara

Na karanta wani labari a kan shirin gina azuzuwa domin maye gurbin na zana, kuma a matsayina na uba mazaunin Maraɗi ina goyon bayansa. Har yau ba mu manta da gobarar watan Nuwamba na 2021 ba, wadda ta cinye azuzuwan zana a garin nan, ta yi ajalin yara sama da 20, Allah ya jiƙansu. Ɗiyata a irin wannan aji take karatu, zaune bisa tabarma, kuma idan hunturu ya kama sai ta dawo gida da tari, ƙura ta yi mata futu-futu. Ina roƙon hukumomi su fara da azuzuwan ƙananan yara, su haɗa musu da famfo da makewayi.