Dodo da Baƙo na Farko

KAKA: Kai maigidan, wannan fim ɗin na wane zamani ne?

JIKA: Na gaba ne, amarya. Masu fim ne ke ƙiyasta yadda duniya za ta koma nan da shekara ɗari biyar.

KAKA: To ni tun ɗazu ƙirge nake. Na ga koren mutum, na ga shuɗi, na ga mai kan ƙadangare. Baƙaƙe fa? Annoba aka yi?

JIKA: Akwai guda ɗaya, kina gyangyaɗi ya wuce. Dodo ya cinye shi.

KAKA: Tun yaushe?

JIKA: Ko minti goma ba a yi da farawa ba.

KAKA: Allah ya jiƙan bawa. Wato sun taho da shi ne don a gwada ko dodon yana da haƙora.

JIKA: Ai ba kullum ba. A Star Wars na 1977, babban mugun nan Darth Vader, muryar baƙar fata ce, James Earl Jones.

KAKA: Madalla. Ko ta mugunta ce, sarauta sarauta ce.

JIKA: Sai dai da aka cire masa hular ƙarfen a na 1983, fuskar Bature aka gani.

KAKA: Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi! Shekara shida bawan Allah yana huci a cikin tukunya, ranar buɗe fuska sai a ce ya matsa?

JIKA: To a Avatar na 2009 ai an tausaya wa waɗanda aka zo kwashe wa ma'adinai. Dogaye ne, shuɗɗa, har da wutsiya.

KAKA: Wa ya cece su?

JIKA: Wani sojan Bature.

KAKA: Daga ina ya ɓullo?

JIKA: Cikin waɗanda suka zo kwasar.

KAKA: Ka ji! Sai an shafa wa mutum shuni an liƙa masa wutsiya kafin a ji tausayinsa, sannan ɓarawo ya dawo mai gadi.

JIKA: Haba Kaka, fim ne fa kawai.

KAKA: Ƙanenka da ke zaune nan ya san kawai? Jiya na ji shi yana raba wasa, ya ce shi ba zai yi direban kumbo ba, bai yi kama da su ba.

JIKA: Nan kam kin kama ni. Shi ya sa da baƙar 'yar wasa Nichelle Nichols ta so barin Star Trek, shirin talabijin na kumbo wanda aka fara a 1966, Martin Luther King, mai fafutukar 'yancin baƙaƙe, da kansa ya roƙe ta ta zauna.

KAKA: Mene ne aikinta a kumbon?

JIKA: Jami'ar sadarwa.

KAKA: Ɗaga waya dai.

JIKA: Ɗaga wayar nan wata yarinya, Mae Jemison, ta riƙa kallo. A 1992 ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya.

KAKA: Da gaske, ba a fim ba?

JIKA: Da gaske.

KAKA: Ta dawo?

JIKA: Lafiya lau, bayan kwana takwas.

KAKA: To miƙo min mayafina, ka rubuta sunana a tafiya ta gaba.

JIKA: Ke da ko lilo ba kya iya hawa? In dodo ya fito fa?

KAKA: Ai tare za mu. Kai za ka fara sauka.